Karfatar Tsohuwar Tunkiya

A gaban teburin naman Ɗanmalam aka yi cinikin, a kasuwar Sabon Gari ta Zariya, wata ranar Talata da hantsi. Babu shaida sai ƙudaje.

"Karfata ashirin da huɗu nake so, Baba," in ji Dokta Othniel. "Ta raguna goma sha biyu, hagu da dama. Duk masu haƙori bibiyu, kada wani ya girmi wani. Kuma don Allah kada wuƙa ta taɓa jijiyar nan da ta kama kan ƙashi. Ita nake nema."

"Naman fa?"

"Ka rage abin da zai ragu ka sayar. Ba ruwana da nama."

Ɗanmalam ya kori ƙuda da hannun hagu. "Shekara arba'in da ɗaya ina fawa, yau na ga mai sayen da ya bar tsoka ya zaɓi rabon kare. To, na ji naka. Ga nawa. Ba na son sisinka. Ranar da za ku ja zaren nan a injinku, ina tsaye a wurin. Idona ne zai gani, ba labari ba. In ya riƙe, kawo takardarka in dangwala, ku huda ni yadda kuka ga dama. In bai riƙe ba, kowa ya kama gabansa."

"Baba, wurin ba gidan kallo ba ne."

"Kafaɗata ma ba wurin koyon ɗinki ba ce."

Likitan ya yi dariya, ya ce ya yarda. Da za su yi musabaha sai da Ɗanmalam ya tallafo gwiwar hannunsa na dama da na hagu, ya ɗago shi kamar mai miƙa kayan wani.

Wata biyu kafin wannan rana, a kwata, wani bijimi ya fizge igiya ana shirin kayar da shi, igiyar kuwa tana naɗe a hannun Ɗanmalam. Ya ji wani abu ya ce ɗas a cikin kafaɗa. Tun daga nan hannun dama ya daina hawa. Yatsu suna aiki, gwiwar hannu tana lanƙwasuwa, amma a ce ya kai hannu ƙugiya, ko ya ɗaga gatari ya sare ƙashi, ina! Maɗori ya lalluba ya ce babu karaya. Wanzami ya yi ƙaho, jini ya fita, ciwo ya zauna. Sai da 'ya'yansa suka sa shi gaba zuwa babban asibiti, aka cusa shi cikin injin hoto mai ƙara kamar na niƙa, sannan aka ga abin. Jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta ɓalle daga kan ƙashi.

A can ya haɗu da Othniel, ɗan wani malamin makaranta daga kudancin Kaduna, tashin Samaru, yana shekararsa ta ƙarshe ta koyon aikin ƙashi. Shi ya yi masa bayani. Ba za a tsaga kafaɗar ba. Huji uku za a yi, a zura kyamara siririya kamar biro ta ɗaya, kayan aiki ta sauran. A murɗa wata 'yar ƙusa mai zare a gindinta cikin kan ƙashin, a soka zaren a jijiyar, a jawo ta wurin zamanta, a ƙulla.

"Turke ke nan," in ji Ɗanmalam. "Turke da igiya da akuya."

"Kusan haka ne."

Babban malamin Othniel, wanda ke da kayan aikin, sau biyu yake zuwa Zariya a shekara, kuma saura mako shida ya zo. 'Ya'yan Ɗanmalam sun ɗauki nauyin komai. Othniel ya faɗa masa gaskiya, ba ɓoyo: jijiyar da ta ɓalle ba ta jira, kullum ja da baya take yi, in aka daɗe ba za ta sake kaiwa ƙashi ba. Ɗanmalam ya ji, ya ce zai yi shawara, ya ninke takardar sa hannu ya sa a aljihu bai taɓa ta ba.

Shi ma Othniel yana da tasa buƙata. Kafin a bar shi ya zauna jarrabawar ƙarshe sai ya miƙa bincike, nasa kuwa a kan ƙulli ne: iri biyu da likitoci ke yi, wanne ya fi riƙo. Ba a gwada irin wannan a jikin mutum, a karfatar rago ake yi. Ya yi yawon kwata sau uku ana ba shi ƙashi tsirara, an kankare jijiyar tas, don haka mahauci ke nuna ya iya aiki. Shi ya sa ya tuna da majinyacinsa mai gardama.

Daga ranar cinikin Ɗanmalam bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya zauna a benci ya tashi. Ya ɗauki wuƙa da hagu, ta ƙi bin hannu, ya ajiye. Abokin fawarsa, Muhammad Auwal, wanda teburinsu ke jere shekara ashirin, shi ke sare masa ƙashi yanzu, kuma ba ya yin aikin a shiru.

"Matsa, tsoho, kada gatari ya ga maigidansa ya yi kuka."

"Sara ka rufe baki. Ni na koya maka riƙon nan."

"Ai shi ya sa nake yi da hannu biyu, don kada in gaje ka."

Ranar kasuwar dabbobi suka tafi tare. Ɗanmalam yana kama rago, ya matse shi da gwiwa, ya buɗe baki da hagu ya duba. Haƙori biyu, a ware. Haƙori huɗu, a saki. Yana kan rago na shida, yana kallon haƙoran nan farare masu ƙarfi, sai ya ji harshensa yana yawo a cikin nasa bakin, yana faɗawa giɓi, ya fito ya faɗa wani. Ya saki ragon. Ya tsaya.

Shekararsa sittin da uku. Kuma in akwai abin da gatari ya koya masa, shi ne ƙashi ba ɗaya ba ne. Na ɗan rago, kansa a cike yake, ja-ja, gatari ya shiga sai an girgiza kafin ya fito. Na tunkiyar da ta haihu bakwai takwas, bayansa kamar dutse, cikinsa kamar saƙar zuma da aka tsotse. Yaron nan zai kafa turkensa a ƙashin samari, ya ga ya kama, ya zo ya kafa shi a nawa?

"Shida sun isa," ya ce wa Muhammad Auwal. "Zo mu je wancan layin."

Wancan layin na tsofaffin tumaki ne, waɗanda Fulani suka gaji da su, haƙora sun ƙare sai dasashi.

"Ba haƙori bibiyu likita ya ce ba?"

"Ga wannan, haƙorinta biyu. Su kaɗai suka rage."

"Ɗanmalam, ka faɗa masa mana. Ka ce ya gwada maka a tsoho."

"In faɗa masa ya ce tsarin bincike bai yarda ba? Ka san 'yan boko. In ka tambaya sun hana, in sun gani a gabansu sun yi. Bayan haka, in ya san wanne ne tsoho, zai ƙara masa kulawa don in gani in yarda. Ni ina so ya yi musu aiki ɗaya, ido rufe."

Aka yanka, aka fiɗe. Ɗanmalam ya tsaya a kan Muhammad Auwal har aka rage naman yadda ba mai gane bambanci sai ɗan gado, aka ɗaure hagu da dama na kowace dabba a leda ɗaya. Othniel ya zo da kula cike da ƙanƙara, ya duba jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce bai taɓa samun aiki mai tsabta haka ba. Ɗanmalam ya ce ai sana'a ce.

Ranar gwaji Asabar ce. Tun bakwai da rabi Ɗanmalam yana Samaru, yana kai da kawo a ƙofar ɗakin injiniyoyi na jami'a, har mai kula da injin ya iso da makulli. Damilare sunansa, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, mai sanƙo da tumbi, Hausa a bakinsa kamar ta gado.

"Baba, kai ne mai naman? Ka zo da balangu ko ƙashi kawai ka aiko mana?"

"In injinka ya yi gaskiya, akwai balangu."

"Injina bai taɓa ƙarya ba. Ni ne dai wani lokaci."

Injin bai kai yadda Ɗanmalam ya zata ba. Ƙarfe biyu ne a tsaye, tsawon mutum, da muƙamuƙi ɗaya a ƙasa mai kama ƙashi, ɗaya a sama mai kama jijiya, sai kwamfuta a gefe. Othniel ya riga ya yanke jijiyoyin daga ƙashi, kamar yadda bijimi ya yi wa Ɗanmalam, yanzu zai mayar. Ya murɗa ƙusar, wadda ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, ya soka zaren, sannan ya ɗauko wani bututu ya zura zaren ta ciki. A waje ya yi ƙullin, ya tura shi ƙasa da wata 'yar sanda mai huji a baki.

"Me ya hana ka sa yatsa ka ƙulla kamar mutane?"

"A jikinka yatsa ba zai shiga ba, Baba. Ta bututu za a yi, don haka ta bututu nake gwadawa."

Ɗanmalam ya sunkuya har hularsa ta kusa faɗuwa. "Wannan ai zarge ne. Abin da ya zarge ya shiga, zai zarge ya fita. Da irinsa na ɗaure sa, da tuni yana Kwangila."

"Tsaya ka gani." Othniel ya bi shi da ƙananan ƙulli uku, kowanne yana sauya zaren da ake naɗawa a kai. "Waɗannan ne makullinsa. In ka yi su duk a gefe ɗaya, zamewa za su yi. In kana sauyawa, sai su ciji juna."

Ɗanmalam ya ja baya. "Haka muke yi wa ƙafar baya," ya ce, kamar wanda aka ƙwace wa wani abu.

Damilare ya kunna. Injin ya fara ja yana saki, ja yana saki, a hankali, sau ɗari biyar, wai kwatankwacin motsin da hannu zai yi cikin majanyin da ake rataye shi bayan aiki. In tsakanin jijiya da ƙashi ya buɗe ya kai faɗin ƙwayar dawa, ƙullin ya faɗi. Bai buɗe ba. Sannan aka sa injin ya ja gaba ɗaya har sai wani abu ya gaza.

"Ka faɗa mini da kilo," in ji Ɗanmalam. "Ban san wannan lissafin naku ba."

"Goma," in ji Damilare. "Sha takwas. Ashirin da biyar. Talatin."

A talatin da ɗaya zaren ya yanka jijiyar ya fito, kamar yadda ake yanka sabulu da zare. Ƙulli yana nan, turke yana nan. Na biyu, mai ɗayan nau'in ƙullin, ya zame a ashirin da uku. Othniel yana rubutu yana murmushi. Ɗanmalam ya kau da kai. Ya san waɗannan biyun, na ɗan rago ne, ya gane su tun daga launin kitsen.

Leda ta gaba da aka buɗe, kitsenta ya yi rawaya-rawaya. Ɗanmalam ya matso. Ya ja baya. Ya sake matsowa.

"Baba, zauna mana, ga kujera."

"Ƙyale ni."

Ja da saki ya wuce lafiya. Aka shiga babban ja. "Takwas," in ji Damilare. "Goma. Sha bi—"

Fut! Ƙusar ta fito daga ƙashin gaba ɗaya, da ɗan garin ƙashi a jikinta, tana lilo a bakin zare. Ƙullin ko motsi bai yi ba.

Othniel ya ce wataƙila shi ya karkata hannu wajen murɗawa. Ya yi ɗayar a tsanake, yana auna kwana da idonsa sau biyu. Fut, a sha ɗaya. Damilare ya kashe injin, ya rataya masa dutsen awo, ya ga daidai yake, ya sake kunnawa. Leda ta uku ta ba da talatin da ashirin da shida. Othniel ya saki numfashi. Aka buɗe ta huɗu, aka ɗaura, injin bai ko fara ja ba Ɗanmalam ya ce, ba da kowa ba, da kansa yake:

"Wannan ma fita zai yi."

Ya fita a sha uku.

Damilare ya juyo da kujerarsa. Othniel ya ajiye biro.

"Baba, yaya aka yi ka sani?"

Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana rantse wa masu saye cewa naman jiya na yau ne, amma wannan karon bai nemi hanya ba. "Tunkiya ce. Ta haihu ya fi bakwai. Shida ne irinta a cikin kayanka."

Othniel ya ɗauki zarto ya raba kan ƙashin biyu, ya raba na farko, ya jera su a tebur. Ko makaho ya shafa zai gane. Ya daɗe yana kallonsu. Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"Baba, ka san abin da ka yi mini? Ƙusoshin nan ashirin da huɗu ne cif, malamina ya roƙo mini su daga waje, wadda ta shiga ƙashi ta gama aiki. Raguna shida ba su isa a yanke hukunci a kan ƙulli ba. Saura mako uku a rufe karɓar bincike. Na roƙe ka abu ɗaya, abu ɗaya tak."

"Kai ka san abin da ka so yi mini? Ka gwada a ƙashin saurayi, ka nuna mini, in yi murna in dangwala. Dubi bakina, Likita. Haƙori bibiyu ne?"

"Da ka faɗa mini!"

"Da ka yarda?"

Damilare ya shafa sanƙonsa ya ce, "Oga Dokta, ni dai injina bai yi ƙarya ba."

"Kilo sha biyu," in ji Ɗanmalam, yana gyara hula. "Cinyar sa ɗaya kilo arba'in ce, kuma a rana ina rataya huɗu. Na gani, na gode. Ciniki ya ƙare." Ya fita, bai jira an raka shi ba.

Da a ce gani yana kawo natsuwa, da ya natsu. Sai abin ya ƙaru. Yana alwala ya ji fut. Yana cin tuwo ya ji fut. Ya je kasuwa ya dawo gida Jushi kafin azahar, ya sake komawa kasuwa ba tare da ya san me ya manta ba. Ya ba kowa labarin yadda ya kama likita, 'yan layin nama suka yi ta dariya suna cewa Ɗanmalam sai Allah, amma shi da ya gama labarin sai ya kama kafaɗar.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da la'asar, Othniel ya yi sallama a zaurensa. Ya rame kaɗan. Matar gidan, wadda duk unguwa ke kira Goggo, ta kawo ruwa, kuma ba ta koma ciki ba, ta zauna a bakin ƙofa.

"Binciken ya tafi, Baba, sai zagaye na gaba. Ba shi ya kawo ni ba." Ya fito da waya. "Da na ga ya lalace, sai na ɗauki ƙusoshin da suka rage na zuba su a ƙashin tsofaffin nan naka. Maimakon ɗaya, huɗu, layi biyu. Maimakon siririn zare, mai faɗi kamar igiyar takalmi. Nauyin ya rabu. Duba nan. Ashirin da bakwai. Ashirin da tara. Ko ɗaya bai fita ba."

Ɗanmalam ya kalli wayar daga nesa. "Ashirin da tara ba arba'in ba ne."

"Ba zaren ne zai ɗauki cinyar sa ba. Nan ne ka yi kuskure tun farko, ni ma na yi kuskure da ban bayyana maka ba. Aikin zare ya riƙe jijiya a jikin ƙashi har su manne. Mako shida hannu a majanyi, wata uku ba ɗaukar kaya. Nauyin hannunka kaɗai zai riƙe, bai kai kilo biyar ba. Bayan nan namanka ne zai riƙe kansa. Tunkiyar da ke kan inji matacciya ce, ba ta warkewa. Kai kana da jini."

"Matacciya ba ta tari. Ba ta juyi cikin barci. Ba ta zamewa a banɗaki."

"Haka ne."

"Kuma ban gani ba."

"Ga shi ina nuna maka."

"Waya. A waya na ga akuya tana tuƙa mota. Sharaɗinmu idona. Ka sake yi ina tsaye."

"Ƙusoshin sun ƙare, Baba."

Goggo ta gyara zama. "Likita, bar shi. Mutumin nan ya hau jirgi ya je Makka bai ce a ja masa fukafuki ya gani ba. Ya ci abincina shekara talatin da takwas bai leƙa tukunya ba. Yanzu ne ya zama mai awo. Malam, tsoro kake ji, ka ce tsoro, ba wanda zai yi maka dariya a zauren nan."

"Shiga ciki, Goggo."

"Ina ciki ai. Rabina ne a waje."

Othniel ya miƙe. "Ranar Laraba ta sama, ƙarfe bakwai, kada ka ci komai. Sunanka ne na biyu. Ba zan goge shi ba sai an kira ba ka amsa ba."

Ranar Laraba Ɗanmalam bai karya ba. Ya sa farar riga, ya duba takardar tana aljihu, ya ce wa 'ya'yansa su yi gaba zai same su, yana da abin da zai damƙa wa Muhammad Auwal. Ya shiga Keke. A Kwangila, wajen gada, Keken ya faɗa rami, kafaɗar ta amsa, ya ji fut ɗin nan a kunnensa sarai kamar Damilare na zaune kusa da shi. Ya ce a sauke shi. Ya tsaya a bakin titi. Bas ɗin Samaru mai bi ta asibiti ya tsaya, kwandasta ya kira, ya ɗaga ƙafa ya mayar. Ya tsallaka titi, ya sake tsallakowa. Wayarsa tana ta ruri a aljihu. Ya sayi ruwan leda ya riƙe bai sha ba, don in ya sha magana ta ƙare, ya yi ta riƙo har ruwan ya yi ɗumi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya huda ledar da haƙori.

'Ya'yan suka yi fushi, suka huce. Damina ta shigo ta fita. Ciwon ya ragu, har ya fara cewa ai ga shi Allah ya kawo sauƙi ba huji. Sai dai hannun bai hau ba, kuma bayan kafaɗar ya fara faɗawa, ya yi rami, har riga tana nunawa. Da malamin Othniel ya sake zuwa, Ɗanmalam ya ce bari a ga bayan Sallah. Bayan Sallah, wata rana, ya zo rataya 'yar karfatar akuya, abin da bai kai kilo biyu ba, ya kasa kai ta ƙugiya, ta faɗi ƙasa a gaban mai saye. Muhammad Auwal ya ɗauka ya wanke, bai yi tsokana ba. Rashin tsokanar ne ya kai Ɗanmalam asibiti washegari, da takardar nan da ta tsufa a aljihu, ya dangwala mata hannu tun a gida.

Othniel ya karɓe shi da girmamawa, ya ce sai an sake hoto. Da hoton ya fito ya sa shi a allo, ya jawo na bara ya ajiye a gefensa. Ya ɗauki biro zai fara nuni.

"Tsaya," in ji Ɗanmalam.

Ya matso. A hoton bara tsokar baƙa ce, a cike. A na bana ta tsuke ta koma can baya, fari ya ratsa ta ko'ina, zane-zane, har farin ya fi baƙin yawa. Ya sha ganin irinta a kan tebur, a jikin dabbar da ta gurgunce ta daɗe a kwance.

"Kitse ne."

"Kitse ne, Baba."

"Kitse ba ya riƙe ɗinki."

"Ba ya riƙewa. Ko an jawo ta ba za ta kai ba, ko ta kai ba za ta ja ba. Akwai motsa jiki da za a koya maka, wasu tsokokin su taimaka, za ka iya kai hannu baki da kai. Gatari kam, a'a."

Ɗanmalam ya ɗauke ido daga allon. Sannan ya tambaya, "Ranar nan, da aka kira ban amsa ba, wa aka sa?"

"Wata tsohuwar malamar firamare daga Zabi, Malama Lucia. Shekararta sittin da takwas. An shirya mata ƙusa biyu. Na nuna wa malamina ƙashin tumakinka, ya sa mata huɗu."

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe."

To, ga yadda cinikin ya tashi. Othniel ya yi asarar wata shida, ya sake bincike daga farko, ya ci jarrabawarsa daga baya, kuma har yau ba ya kafa ƙusa a kafaɗar tsoho sai ya fara taɓa ƙashin ya ji. Wadda ta ci riba Malama Lucia ce, da ke shanya kayanta a igiya da hannun dama, ba ta taɓa jin sunan Ɗanmalam ba. Wanda ya faɗi shi ne Ɗanmalam. Tambayarsa daidai ce, shi ya biya tumakin, shi ya gano abin da likita bai duba ba, kuma hannunsa na dama bai sake kaiwa ƙugiya ba.